Fitila ta ce saura rabi, famfo kuma ya ƙafe: amsa ga mai motar tafi-da-gidanka a Zariya

Wani Alhaji daga Hanwa ne ya aiko da tambaya. Ya sayi motar tafi-da-gidanka 'yar Beljiyam, ƙirar Fiat Ducato, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, yana so ya riƙa fita da iyali zuwa Yankari, da ziyarar dangi a Gusau da Jos. Abu uku ke damunsa game da tankin ruwan amfani. Allon da ke saman ƙofa yakan nuna saura rabi alhali famfo ya daina kawo ruwa. In ya zo cikawa, ruwan na tofowa ta baki tun tankin bai cika ba. Sannan ruwan da ya kwana uku ko huɗu a ciki yakan soma wari. Yana tambaya ko na'urar auna ruwan zai canza gaba ɗaya.

Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kada ka yi saurin sayen komai tukuna. Aikina haɗa tankuna da bututun ruwa ne, har da na motocin asibitin tafi-da-gidanka, kuma abubuwan da ka lissafa ba kasafai suke nufin na'ura ta mutu ba. Motar nan an ƙera ta ne don ƙasar da duk inda aka yada zango akwai kan famfo mai ruwan da aka sa wa magani, a cika yau, a ƙara gobe, ga sanyi. A can, ko fitilar ta yi kuskuren lita 20 ba wanda zai kwana da ƙishirwa. A hanyar Funtuwa zuwa Gusau kuwa lita 20 ita ce alwalar gida guda. Don haka aikin da ake bar wa fitila a Turai, a nan kai ne za ka yi shi da jarka da idonka.

Mu fara da allon. Ɗaga kujerar wurin cin abinci, galibi a ƙarƙashinta tankin yake, wani lokaci kuma a ma'ajiyar baya. Za ka ga babban murfi mai zare wanda hannu ke iya shiga, kusa da shi kuma wani ƙarami da wayoyi suka fito ta kansa. Ƙaramin nan shi ne ma'aunin. A yawancin motocin Turai sanduna ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowace da tsawonta: doguwa ɗaya da ta kai kusan ƙasa, sai na kwata, da rabi, da kwata uku, da ta cika. Ruwa yana ɗan ɗaukar lantarki, saboda haka duk sandar da bakinta ya taɓa ruwa sai ta haɗu da doguwar, fitilarta ta kama. Iyakar dabarar ke nan. Ba lita take ƙirgawa ba, tsayin ruwa kawai take taɓawa, shi ma a wurare huɗu. Na Amurka ma sun fi haka rowa, mataki uku suke nunawa bayan fanko, kuma da galan suke lissafi, galan ɗaya lita 3.8 ne.

Idan sandunan na da tsafta kuma mota na tsaye daidai, fitilar rabi tana nufin ruwa ya kai rabin tsayin tanki ko ya wuce. To me zai sa ta kama alhali famfo ya ƙafe? Ɗayan biyu ne: ko dai ruwan ya ƙare fitilar ce ke ruɗinka, ko kuma ruwan na nan injin tura ruwa ne ya kasa turo shi. Ba sai an kira mai riwaya ba kafin a bambance. Ranar da abin ya sake faruwa, buɗe babban murfin ka haska tocila.

In ka tarar da tanki wayam, to datti ne a jikin sandunan. Ruwan bohol mai gishirin ƙasa yana barin farin ɓawo irin wanda ke kama gindin butar shayi, ruwan da ya daɗe kuma yana yin wani santsi mai yauƙi. Wannan santsin ba ya bushewa da wuri, sai ya zama gada tsakanin sanda da sanda, lantarki ya bi ta kansa, allo ya ɗauka ruwa ne. Kashe allon, cire wayar, kwance ma'aunin, ka jiƙa sandunan a ruwan ɗumi da binega ko garin sitirik asid, wanda masu haɗa lemon sayarwa ke saya a kasuwar Sabon Gari, ka goge da soso mai laushi har zuwa gindinsu inda suka shiga roba. A gindin nan dattin ya fi maƙalewa, kuma nan ne mutane ke mantawa. Kada a sa soson ƙarfe, domin karcen da zai bari shi ne masaukin datti na gaba. Akwai kuma akasin wannan: ruwan sama da aka tara da tsafta ba shi da gishirin da zai ɗauki lantarki sosai, don haka da damina kana iya cika tanki da shi allo ya nuna maka ƙasa da abin da ke ciki.

In kuwa ka haska ka ga ruwa, duba yadda motar ta tsaya. Tankunan nan faffaɗa ne, ba zurfi gare su ba. Mota ta ɗan karkata a bakin kwalbati, ruwa ya taru a ɓangaren da sandunan suke, bakin bututun da inji ke zuƙa ya rage a sama yana shan iska. In ba wannan ba ne, sai injin kansa. Iri biyu ne. Akwai ɗan ƙarami da ake nitsarwa cikin tanki, ƙanin sumo na bohol, wanda ke tashi da zarar an murɗa kan famfo saboda wani ɗan makunni da ke cikin kan. Shi ba ya jure aiki babu ruwa, yana iya ƙonewa, kuma in iska ta shige shi sai an ɗan girgiza shi cikin ruwa kafin ya kama. Akwai kuma na waje, irin su Shurflo da Fiamma, mai bugun tututu, wanda ke tashi in ƙarfin ruwa ya ragu a bututu. Wannan yana da ɗan kofi mai raga a bakinsa, kuma da irin ruwanmu mai yashi kofin yakan toshe cikin 'yan makonni. A kwance, a wanke, a mayar da zoben robarsa daidai. Dukansu da batirin ɗaki mai bolt 12 suke aiki, ba batirin tayar da mota ba, kuma batirin da ya taho da mota daga Turai ya sha zama a tasha sau da yawa ya gama yayi. In fitilun ɗaki na dushewa lokacin da inji ya tashi, ka san inda za ka nufa.

Wani amfani da mai bugun nan yake da shi: mai gadi ne. In dare ya yi, an rufe kowane kan famfo, amma kana jin ya yi tut sau ɗaya ya yi shiru, bayan jimawa ya sake, to ruwa na yoyo a wani wuri. Ka bi shi tun da wuri, don daɓen motar katako ne a ƙarƙashin leda.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi, ko da an wanke sandunan sun dawo daidai. Ka auna tankinka da kanka sau ɗaya. Tsayar da mota a wuri mai daidaito, ka buɗe famfo har inji ya fara shan iska, ka kashe. Wannan ne fankon gaskiya, ko da akwai sauran ruwa a ƙasa, tunda abin da inji ba ya iya ɗauka ba naka ba ne. Sai ka riƙa zuba lita goma-goma da bokitin da ka tabbatar da awonsa. Duk zubi ɗaya ka ja layi da alƙalamin maka a jikin tankin, in farar roba ce da ake hango ruwa ta cikinta, ka kuma rubuta a lita nawa kowace fitila ta kama. Za ka sha mamaki. Tankuna da yawa an yanke musu gefe don su zauna a kan tudun taya, saboda haka rabin tsayi ba rabin ruwa ba ne. Tankin da aka rubuta wa lita 100 kana iya samun fitilar kwata tana mutuwa da saura lita 15, ko saura 30. Rubuta sakamakon a takarda ka liƙa kusa da allon, yadda Hajiya ma za ta gani.

In tankin baƙi ne ko yana ɓoye, mai gyaran famfo zai iya haɗa maka siririn tiyo garai-garai daga mafitar ƙasa ya miƙe sama a gefen tankin, bakinsa ya wuce saman tanki. Ruwan cikin tiyon tsayinsa ɗaya da na tanki, ba waya, ba batir. Gani ya kori ji. Sai dai a sa shi inda haske ba ya kaiwa, in ba haka ba gansakuka za ta mayar da shi kore. Akwai kuma 'yar mitar ruwa da ake ɗaurawa a bakin tiyon cikawa, tana ƙirga litar da ta shiga. Tana da amfani, amma abin da ya shiga take faɗa, ba abin da ya rage ba. Na'urorin zamani da ake mannawa a bayan tanki, masu nuna kashi cikin ɗari, suna aiki da kyau tunda ruwa ba ya taɓa su, sai dai ni ba zan ba ka shawarar kashe musu kuɗin waje ba kafin ka gwada maka da tiyo. Tankin ruwan datti da ke ƙarƙashin mota shi ma shaida ne: abin da ya fita daga wannan mafi yawansa can ya koma, don haka in na datti ya kusa cika na tsafta kuma ya ce saura kwata uku, ma'aunin ɗayansu ƙarya yake yi.

Sai batun cikawa. Tofowar da kake gani iska ce ta rasa hanyar fita. Kowane tanki yana da siririn bututun numfashi, wani yana fitowa a gefen bakin cikawa, wani yana sauka ƙarƙashin mota. A Turai ba mai tunawa da shi. A Zariya kuwa zanzaro ba ya ganin rami mai faɗin fensir ya wuce, sai ya yi gini a ciki, ƙurar hunturu ta ƙarasa liƙe abin da ya rage. Nemo bakin bututun, ka zura waya mai laushi, ka hura, sannan ka ɗaure shi da ɗan yankin gidan sauro. Ka duba kuma ko babban tiyon da ya tashi daga bakin cikawa zuwa tanki ya lanƙwashe ko ya yi ciki ya sauka ƙasa, don ruwa kan kwanta a lanƙwasar ya tare hanya. Bayan haka, rage ƙarfin ruwan. Tiyon da ke fitowa kai tsaye daga sumo ya fi ƙarfin bakin nan; daga tankin sama na gida ya fi, ruwa na gangarowa a hankali. Abin da ba a yi shi ne a cusa tiyo a toshe gefensa da tsumma don a hana tofowa. Tanki zai kumbura, murfin sama ya yi yoyo, ruwa ya bi ƙarƙashin kujeru. Kuma ba a barin tiyo a baki a tafi amsa sallama.

Kafin ka zuba ko ɗigo, akwai bawul biyu da za ka nema, tunda motarka daga ƙasar sanyi ta fito. Turawa kan zubar da ruwan mota kakaf kafin lokacin ƙanƙara don kada bututu su fashe, su bar bawul a buɗe, haka kuma ake lodo ta a jirgi. Na farko yana kusa da hitar ruwa, wadda a galibin motocin nan ta kamfanin Truma ce mai cin lita 10. In ɗan hannu ne ruwan ɗorawa, tsaye buɗe ne, kwance rufe. In kuma shuɗi ne mai maɓalli, wannan da kansa yake buɗewa in sanyi ya sauka kusan digiri 3, abin da ko tsakiyar hunturun Samaru ba ya kaiwa, sai dai a rufe shi sau ɗaya: a juya kansa ya yi layi ɗaya da bututu, a danna maɓallin har ya ce ƙas. Na biyun yana kan tankin. A motocin Jamus da yawa yana da matsayi uku: rufe, buɗe gaba ɗaya, da wani na tsakiya da ke zubar da duk abin da ya haura lita 20. Mutum sai ya yi ta zuba jarka bayan jarka, ruwa na tsiyaya a ƙarƙashin mota, ya ɗauka tanki ne ya fashe. Ba fashewa ba ce, dabarar rage nauyi ce, zan zo kanta. Bayan an cika, a buɗe kan ruwan zafi har ya daina tari, domin hita ta sha nata lita 10. Sai a ƙara cike gurbin.

Wane ruwa za a zuba? A nan ne warin da ka ambata ya samo asali. Duk ɗan Zariya ya san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Akwai madatsun Galma da Shika, jami'a na da nata a Kubanni, an kuma gina matatar da aka tsara wa lita miliyan 150 a rana, amma har yanzu gidaje da yawa bohol ne, rijiya ce, ko kurar ɗan ga-ruwa. Ƙasarmu kuma dutse ne a ƙarƙashi, irin wanda ya leƙo a Kufena, ba ta riƙe ruwa da yawa, shi ya sa rijiyoyi ke ja da baya su gurɓace a ƙarshen rani. Ruwan famfo in ya zo garau shi ya fi, don akwai sauran magani a jikinsa. A bar na farkon ya zube tukuna. Na bohol yana iya zama garau a ido, amma ba shi da maganin da zai tsare shi in ya zauna. Na rijiyar cikin gari da ke maƙwabtaka da masai, kada ya shiga tankin nan sai bisa larura, kwalara da taifot ta nan suke bi. Na 'yan ga-ruwa kuwa, ba su nake zargi ba, jarkokin nake tsoro: yawancinsu na man girki ne asali, wata kuma ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir. Ka sunsuna kowace kafin a juye. Mafi kyau ka mallaki jarkokinka biyu da tiyonka, irin wanda aka yi don ruwan sha, kada a wanke mota da shi, kada ya ja ƙasa, in an gama a tsiyaye shi a haɗa bakinsa biyu. Ɗaga jarkar lita 25 zuwa bakin da ke bangon mota wahala ce, kilo 25 ne. Ɗan inji mai nitso na bolt 12 da guntun tiyo ya raba ka da ciwon baya.

A hanyar shiga, sa filta mai tare laka, irin mai tsawon inci 10 da ake samu a shagunan kayan famfo, mai lamba maikuron 5. Amma filtar gawayi kada ta zauna kafin tanki. Na ga masu yin haka da kyakkyawar niyya, alhali gawayi yana tsotse kulorin ne, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, sai ka ajiye ruwan da aka kwance wa makami a cikin zafi. Wurinta ƙarƙashin kan famfon kicin, daf da kofi. Ruwa mai duhu kuma ba a sa masa magani kai tsaye, laka na cinye maganin. A bar shi ya kwanta a duro, da alam ko dakakken ƙwayar zogale, a tsiyaye na sama.

Awon maganin ba shi da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a samu ragowar kulorin tsakanin miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita a inda ake sha, bayan an ba shi aƙalla minti 30 ya yi aiki. Bilic na wanki irin su Jik ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne, a duba jikin kwalba a tabbatar, kuma ya zama marar turare, marar sabulu. Mililita 5 zuwa 6 ya ishi lita 100 na ruwa garau, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Da sirinji ya fi daidai. A dama shi a bokiti a fara zubawa, ruwan cikawa ya gauraya shi. In Aquatabs ko WaterGuard ka samu, bi awon da ke jikinsu. Bayan rabin awa ya kamata ka ji ɗan ƙamshin magani sama-sama, kamar na ruwan famfo. In babu ko alama, dattin ruwan ya cinye shi, a ƙara rabin awo.

Duk da haka maganin ba ya dawwama, zafi na kore shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da garin nan ke kusantar digiri 40, cikin motar da aka rufe ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙwayar cutar da ake kira lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa ne a ruwan da ke zaune tsakanin digiri 25 zuwa 45. Bature yana fama da wannan wata biyu ko uku a shekara, mu kusan kullum tankinmu a cikin wannan zangon yake. Kuma ba ta sha take kamawa ba, ta feshin shawa ake shaƙarta, ta fi yi wa tsofaffi da masu raunin ƙirji illa. Saboda haka ƙa'idata ita ce, da zafi kada ruwa ya wuce kwana uku a tanki ba a sabunta shi ba, kuma shawar da ta yi mako ba a buɗe ba a sake ta ta zuba na ɗan lokaci, taga a buɗe, kafin kowa ya shiga.

Tunda ba ka san abin da tankin ya gani a hannun mai shi na farko ba, yi masa babban wanki kafin tafiyar farko. Zura hannu ta babban murfi ka goge bango da rufin ciki, don magani ba ya ratsa santsin da ya yi kauri. Sannan ka cika da ruwa mai bilic mililita 150 a lita 100, ka buɗe kowane kan ruwan sanyi har ka ji warinsa, ka rufe, ka bar shi awa huɗu. A zubar, a ɗauraye sau biyu ko uku. Kada a buɗe ɓangaren ruwan zafi yayin wannan aiki, domin masu ƙera hitar sun hana a wanke ta da kulorin, yana cin ƙarfenta. Ita maganinta a kunna ta ta kai ƙarshen zafinta lokaci-lokaci, a kuma cire mata ɓawo da sitirik asid. Kuma kada bilic ya haɗu da binega ko asid a tanki ɗaya ko bokiti ɗaya. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a ɗaki ƙarami irin wannan kuwa abin ba daɗi. A yi ɗaya yau, a ɗauraye sosai, a yi ɗayan gobe. Wankin nan a maimaita shi farkon zafi, da bayan damina, da duk lokacin da larura ta sa aka zuba ruwan da ba a yarda da shi ba.

Akwai lissafin da wanda ya ƙera motar bai yi da kai ba, shi ne alwala. Injin da ke tura lita 7 a minti, in mutum ya saki famfo ya yi alwala a nitse, ko mu ce lita 5 kawai ya zubar, mutum biyar sau biyar lita 125 ke nan, tankin ya ƙare ba a dafa ko shayi ba. Da buta mai lita ɗaya kuwa lita 25 ne. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu na cikin tafi biyu, abin da bai kai lita ɗaya ba, don haka buta ba ƙuntatawa ba ce. A ƙiyasina, gida mai mutum biyar da zafi zai sha kamar lita 20, girki da wanke-wanke 20, alwala da tsarki 30, wanka da bokiti 40 zuwa 50. Ka ga tankin lita 100 ko yini ɗaya ba zai kai ba. In an ware ruwan sha daban, an yi wanka a gidan da aka sauka, ya kai kwana biyu. Ni dama na fi son ruwan sha ya zama daban, a jarka mai tsafta ko ledojin fiya wata, musamman don yara, tanki ya tsaya wa wanka da girki da alwala. Sai ka gwada da naka iyalin: cika da safe, duba layin maka bayan Isha, ka san abin da gidanka ke ci a yini. Da wannan adadin ake tsara inda za a tsaya a ƙara ruwa, ba da fitila ba.

Na ce zan dawo kan lita 20 ɗin nan. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Galibin motocin nan iyakar nauyinsu da komai da komai kilo 3,500 ne, domin nan ne lasin ƙaramar mota ya tsaya a Turai, kuma motar kanta ta cinye mafi yawansa. Abin da ya rage wa mutane da kaya sau da yawa bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Ainihin adadin taka yana kan farantin ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet ko jikin ƙofa. Shi ya sa ake ce wa Bature ya yi tafiya da lita 20 ya cika in ya isa. Wannan shawarar ba taka ba ce in ba ka san ruwan da ke gabanka ba. Zuwa Kaduna ko Kano, ɗauki kaɗan, akwai gidan da za ka cika. Ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, ko doguwar hanyar Bauci, cika shi fal, amma ka biya kuɗin wannan kilo 100 da wani abu: buhun tsaraba, ko janareta, ko jarkokin da ba a buƙata. Tankin da ya cika ma ya fi na rabi natsuwa, domin na rabin yana tangaɗi gaba da baya duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami. Zubar da ruwan datti kafin a tashi, a inda ya dace, ka duba iskar taya da safe tun ba su yi zafi ba, ka kuma leƙa maɗaurin tankin bayan kowace tafiya mai gargada.

Murfin bakin ruwa mai makulli ne, ka riƙa kulle shi, ka kuma rubuta RUWA da manyan baƙaƙe a samansa. A gidajen manmu ba direba ke zuba mai ba, kuma yaron da bai taɓa ganin irin motar nan ba, duk murfin da ya gani a bango na mai ne a wurinsa. Sauka ka nuna masa na dizal da hannunka, a Ducato yana daf da ƙofar gaba. In tsautsayi ya gitta aka zuba dizal a tankin ruwa, kada a kunna injin ruwa, kada a murɗa ko kan famfo ɗaya. A cire fiyus ɗin injin nan take. Muddin man bai shiga bututu da hita ba, asarar ta tsaya a tanki da tiyon cikawa, kuma su ɗin canza su ake yi, don robar tana shan warin man ta riƙe shi.

In an dawo gida kuma motar za ta yi fiye da mako a ajiye, kada a bar mata ruwa wai don tafiya ta gaba. A buɗe bawul na tanki da na hita, a buɗe kawunan famfo, a kashe inji, a goge sauran ruwan ƙasa da tsumma mai tsafta. Babban murfin a bar shi a sassauce da gidan sauro a kai don ciki ya bushe, motar kuma a samar mata inuwa.